Giyar keken hawan dutse idan girman ƙafa ya canza: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya saba da keke mai ƙafa inci 26, ranar da ya hau mai inci 29 abu biyu zai ji. Na farko laushi a kan gargada, na biyu nauyin feda a hawa. Tambayoyin nan duk a kan na biyun suke. Lissafin da ke ciki an yi shi ne da taya mai faɗin inci 2.2, don haka idan tayarka ta fi wannan kauri ko siranta, lambobinka za su ɗan saɓa da nawa.

Haƙoran faifan da sarƙa take hawa a sabon kekena daidai suke da na tsohon, 32 a gaba, 42 a baya. To me ya sa hawan tudu ya fi ba ni wuya?

Saboda haƙora rabin lissafi ne kawai. Abin da haƙora suke faɗa maka shi ne sau nawa ƙafar baya za ta juya idan ka zagaya feda sau ɗaya. Nisan da keken zai ci a wannan juyin kuwa, kewayen taya ne yake yanke shi. Babbar ƙafa tana cin ƙasa da yawa a kowane juyi, kuma kowace ƙarin tazara daga cinyarka ake biyanta.

Da 32 a gaba da 42 a baya, keke mai inci 26 yana tafiyar kusan mita 1.61 a zagayen feda ɗaya. Mai inci 29 yana tafiyar mita 1.76. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba za ka damu ba, wataƙila ma ka ji daɗin hakan. Amma a tsakiyar hawa, lokacin da ka danna giya ta ƙarshe ka tarar babu sauran wata, wannan santimita 15 ita ce take sa mutum ya sauka ya tura.

Shin bambancin 26 da 27.5 da 29 daidai yake da yadda lambobin suka nuna?

A'a, sunaye ne na kasuwa. Ainihin awon yana jikin rim, a wurin da bakin taya yake zama: mai 26 milimita 559 ne, mai 27.5 milimita 584, mai 29 kuma 622. Za ka ga waɗannan lambobi a rubuce a gefen taya, kamar 56-622. Idan aka ɗora taya mai inci 2.2, kewayen yakan kama wajen mita 2.11, da 2.19, da 2.31.

Ka lura da kyau, 27.5 ba a tsakiya take ba. Ta fi kusa da 26 nesa ba kusa ba. Daga 26 zuwa 27.5 giya tana ƙara nauyi da kusan kashi 4 cikin ɗari, abin da mutane da yawa ba sa ma lura da shi. Daga 27.5 zuwa 29 kashi 5 zuwa 6 ne. Daga 26 kai tsaye zuwa 29 kuwa ya haura kashi 9, wato kusan kamar an cire maka giya guda daga ƙasa.

Masana'antun ma sun san da wannan. Kekunan hawan dutse na farko, waɗanda aka fara tseren gangara da su a yankin Marin na Kaliforniya a shekarun 1970, duk masu inci 26 ne, kuma a kan wannan girman aka tsara giyoyi shekara da shekaru. Da tayar WTB Nanoraptor mai inci 29 ta fito a 1999, kamfanin Gary Fisher kuma ya shiga sayar da masu inci 29, sai mahaya suka fara kukan giya ta yi nauyi. Har Shimano, kamfanin kayan keke, ta fitar da kaset, wato jerin faifan baya, mai haƙora 12 zuwa 36 musamman don masu babbar ƙafa, a lokacin da 34 ce babba a kasuwa.

Yaya zan yi lissafin da kaina?

Ka raba haƙoran faifan gaba da haƙoran faifan baya, ka ninka abin da ka samu da kewayen tayar baya. Amsar ita ce mitocin da kake ci a zagayen feda ɗaya.

Kewayen kuma gara ka auna shi da kanka. Ka hura tayar yadda ka saba hawa, ka tsayar da bawul a ƙasa, ka yi alama da alli a siminti. Ka hau, wani ya riƙe ka ya tura har bawul ya sake dawowa ƙasa, ka sake yin alama, ka auna tsakani da tef. Nauyinka yana ɗan danne tayar, shi ya sa ake so kana kai lokacin awon.

Lissafi biyu kaɗai kake bukata: giya mafi sauƙi da giya mafi nauyi. Kuma ka fara yin su a kan tsohon keken da ƙafarka ta saba da shi, don shi ne ma'auninka. Idan a kansa kana hawa tudun unguwarku ba tare da ka tsaya ba, to lambar giyarsa mafi sauƙi ita za ka nema a sabon. A Amurka da Ingila an fi yin wannan lissafi da inci, al'adar da aka gada tun zamanin kekuna masu ƙatuwar ƙafar gaba na ƙarni na 19. Ni dai na fi son mita, domin abu ne da mutum zai iya gani a ƙasa.

A taƙaice, haƙori nawa zan rage a faifan gaba?

Daga 27.5 zuwa 29, ka rage biyu: 34 ta koma 32, 32 ta koma 30. Haƙori biyu daga 32 kashi 6 ne, ya yi daidai da ƙarin da ƙafar ta kawo.

Daga 26 zuwa 29 lissafi yana ba da uku, wato 32 ta koma wajen 29. Matsalar ita ce faifan da ake sa wa keke mai faifai ɗaya a gaba haƙoransa suna zuwa ne siriri, kakkaura, siriri, kakkaura, don su cika ramukan sarƙa ta kasa faɗuwa. Faifai irin wannan ba ya zuwa da adadin mara. Saboda haka zaɓinka 30 ne ko 28. Idan ƙasarku shimfiɗaɗɗiya ce ka ɗauki 30. Idan akwai hawa na gaske, ko kana ɗaukar kaya, ko gwiwarka tana yi maka ciwo, 28 za ta fi yi maka.

Daga 26 zuwa 27.5, ka hau tukuna na wasu makonni. Sau da yawa ba sai an taɓa komai ba.

Gaba zan canza ko baya?

Gaba, in dai zai yiwu. Faifan gaba ƙarfe ɗaya ne, ya fi araha, kuma yana saukar da duka giyoyinka a tare, ya mayar da kai daidai inda kake kafin ƙafa ta canza. Canjin baya kuwa yakan jawo wasu canje-canje. Masauyin giya na baya yana da iyakar girman faifan da zai iya hawa, kuma an rubuta ta a takardarsa. Wanda aka ƙera don 34 ko 36, idan ka tilasta masa 46, ko dai ya ƙi hawa ko ya riƙa gogar kaset yana ƙara. Sarƙa ma sai an sa doguwa. Akwai ɗan ƙarfen da ake ƙarawa don a saukar da masauyin ya kai ga babban faifai, yana aiki, sai dai sauyin giya a ƙananan faifai yakan rage kaifi.

Amma gaban ma yana da tasa iyakar, kuma a nan mutane suke ɓarar da kuɗi. Kafin ka sayi faifai ka duba yadda naka yake ɗaure. Mafi yawan tsofaffin kekuna noti huɗu ne a da'ira mai milimita 104, kuma a wannan da'ira 30 ce mafi ƙanƙanta da za ta zauna. Ƙasa da haka sai ka koma ramukan ciki masu milimita 64, ko ka samu irin wanda faifan yake ɗaure kai tsaye a gindin hannun feda, wanda yake karɓar 28 har 26. Wasu na Shimano kuma milimita 96 ne, ramukan ba a daidai tazara suke ba. A kekuna masu arha sosai ma faifan uku a manne suke da juna, ba a kwance su, sai dai a canza duka.

Idan na sa ƙaramin faifai ba zan rasa gudu ba?

Kusan ba za ka rasa komai ba idan aka kwatanta da tsohon kekenka, tunda babbar ƙafa ta riga ta ba ka abin da faifan ya karɓe. Ga kuma lissafi. A keke mai inci 29, da 30 a gaba da 11 a baya, kana zagaya feda sau 90 a minti, gudunka kilomita 34 ne a awa. Idan ƙaramin faifan baya mai 10 ne, ya haura 37. Da 32 da 10 kuma ya kusa 40.

Yanzu ka tambayi kanka: a hanyar daji, tsakanin duwatsu da saiwoyi, sau nawa kake taka feda a gudun kilomita 34? Inda ake kai wannan gudun gangara ce, kuma a gangara ba feda ake takawa ba, birki ake lallaɓawa. Giya mafi sauƙi kuwa, duk fitar da ke da hawa sai ka neme ta.

Abin da yake damuna shi ne yadda samari suke ɗaukar babban faifai a matsayin shaidar ƙarfi. Suna kallon 'yan tseren duniya da 36 ko 38 a gaba sai su ce su ma haka. Waɗannan mutane hawan keke ne sana'arsu, tserensu kuma yawanci wajen awa ɗaya da rabi ne. Ɗauki hawan da ake yinsa a gudun kilomita 5.7 a awa. Mai giyar mita 1.36 yana zagaya feda sau 70 a minti, numfashinsa yana tafiya daidai. Mai giyar 1.76 ya faɗo zuwa 54, yana dannawa da dukan nauyinsa, tayar baya tana sulɓewa a kan tsakuwa duk lokacin da ya danna, gwiwa kuma ita ke ɗaukar wahalar. Wannan ciwo ba a jinsa a shekara ashirin, sai an manyanta yake fitowa.

Wanda mafi yawan tafiyarsa a kwalta ce, shi kam yana da hujjar riƙe 34 ko 36.

Tsohon kekena mai faifai uku ne a gaba. Sabon mai faifai ɗaya zai iya ba ni abin da wancan yake ba ni?

A ƙasa zai iya, a sama ba zai kai ba. Tsohon tsari na 22, 32, 44 da kaset 11 zuwa 34 a ƙafa inci 26 yana farawa daga mita 1.36 ya kai 8.4. Faifai ɗaya mai 30 da kaset 10 zuwa 51 a ƙafa inci 29 yana farawa daga 1.36 ɗin dai, amma yana tsayawa a 6.9.

Sai dai ka san wane kaset kake magana a kai. SRAM, wani kamfanin kayan keke, ta fara da 10 zuwa 42 a 2012, ta kawo 10 zuwa 50 mai giya 12 a 2016, daga baya 52. Shimano ta fito da 10 zuwa 51 a 2018. Duk kaset ɗin da ya fara da 10 yana bukatar mazauni na musamman a hob, wato cibiyar ƙafar baya, XD na SRAM ko Micro Spline na Shimano. Tsohon mazauni na HG, wanda yake jikin mafi yawan kekuna, 11 ne ƙaraminsa. Akwai masu kyau da suke zama a kansa, irin su Deore na Shimano 11 zuwa 51 mai giya 11, da NX na SRAM 11 zuwa 50, da 11 zuwa 46 mai giya 10. Idan kuma firiwil ne da ake murzawa kamar noti, babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai shiga, sai an canza hob. Abin da za ka iya da firiwil shi ne ka bar mai 14 zuwa 28 ka koma mai 14 zuwa 34, wanda zai saukar da giyarka daga mita 1.98 zuwa 1.63 a ƙafa inci 29 idan ƙaramin faifan gabanka 24 ne.

Ni a ganina, wanda yake zaune inda sarƙa mai giya 12 sai an yi odarta daga waje, kada ya yi gaggawar zubar da faifai biyu ko uku. Faifai 36 da 22 tare da kaset 11 zuwa 36 yana saukowa har mita 1.41 a ƙafa inci 29, da kayan da mai gyaran keke ya sani, kuma idan sarƙa ta tsinke ana samun madadinta a kasuwa.

Kekena gaba 29 ne, baya 27.5. Da wace zan yi lissafi?

Da ta baya kaɗai. Ita sarƙa take juyawa.

Zan iya sa ƙafar wani girman a firam ɗin da nake da shi?

Giya ita ce mafi sauƙin abin da zai canza. Idan birkinka mai matse rim ne, maganar ta ƙare, domin robar birkin ba za ta sami rim a inda ta saba ba. Idan na faifai ne, ƙafar za ta ɗauru matuƙar faɗin hob da irin sandar tsakiya sun dace, amma sauran matsaloli suna nan. Ƙafar 27.5 a firam na 29 tana saukar da keken da milimita 19, feda ta fara bugun duwatsu. Ƙafar da ta fi girma kuma tana iya gogar firam, kuma a keke mai shokazoba tana iya cin karo da shi lokacin da ya nutse, abin da kan iya kayar da mutum nan take. Ka sace iskar shokazoban ka danne keken har ƙasa ka ga ko akwai sarari kafin ka hau.

Akwai hanya ɗaya da ba ta ɓata lissafi sosai: taya mai kauri, inci 2.8 ko 3.0, a rim na 27.5. Tsayinta yana kusantar na 29 mai siririyar taya, don haka giyar 29 za ka zaɓa mata.

Tayar tsohon keken nan na gargajiya da ake kira 28, za ta shiga rim na 29?

Ba za ta shiga ba, duk da kusancin sunan. Rim ɗin kekuna irin su Raleigh da Phoenix, masu birkin sanda, milimita 635 ne, ya ma fi na 29 girma. Wadda take daidai da 29 ita ce 700C ta kekunan titi, su biyun 622 ne. Ka bi lambar gefen taya idan ka je saye.

Wannan keke ma'auni ne mai amfani ga duk wanda ya taso da shi. Giyarsa ɗaya tilo tana cin wajen mita 5 ko fiye a zagaye. Idan ka tuna yadda ake tura shi a tudu da buhu a baya, ka gane me ake nufi da giya ta yi nauyi.

Ban da ƙafa da haƙora, akwai abin da yake shiga lissafin?

Akwai tsawon hannun feda. Mutane da yawa yanzu suna barin milimita 175 suna komawa 165 don kada feda ta riƙa bugun ƙasa. Gajeren hannu yana rage maka ƙarfin murɗawa da kusan kashi 6, daidai da haƙori biyu a gaba. Wanda ya koma babbar ƙafa kuma ya gajarta hannun feda a lokaci ɗaya ya ƙara wa kansa nauyi sau biyu, kuma shi ne ya fi kowa bukatar 28.

A keke mai shokazoba ta baya, girman faifan gaba yana shafar yadda sarƙa take jan bayan keken idan ana taka feda. Masu ƙera firam sukan tsara shi a kan 30 zuwa 34. Haƙori biyu sama ko ƙasa ba zai dame ka ba, amma idan za ka yi nisa da haka, ka duba abin da suka rubuta. Sukan faɗi mafi girman faifan da firam zai ɗauka kafin ya goge shi.

Sai na yanke sarƙa bayan na rage faifai?

Idan haƙori biyu ka rage, yawanci ba sai ka yanke ba. Sarƙa rabin faifai kawai take naɗewa, don haka rarar gaɓa ɗaya ce, kuma bibbiyu ake cire gaɓoɓi. Idan huɗu ne, ka cire biyu. Ka gwada ta a ƙaramin faifan baya: in ta yi lako-lako ko tana taɓa kanta a jikin masauyi, ta yi tsawo. Ka kuma gwada ta a babban, shokazoba a danne, ka tabbata ba ta ɗaure tam ba. Gajeriyar sarƙa ta fi doguwa haɗari, tana iya fizge masauyin gaba ɗaya.

Kada ka ɗora tsohuwar sarƙa a sabon faifai. Akwai ɗan ma'aunin da ake zura mata: mai giya 11 ko 12 ana canza ta idan ta miƙe da kashi 0.5, mai giya 10 zuwa ƙasa a 0.75. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da mai mai danƙo takan ci sarƙa da sauri, kuma ƙaramin faifai ya fi babba saurin cinyewa tunda haƙora kaɗan ne suke raba aikin. A lokacin ƙura ka riƙa goge sarƙa da tsumma bayan ka sa mata mai.

Ina zaune a ƙasa mai shimfiɗa. Duk wannan ya shafe ni?

Bai shafe ka kamar yadda ya shafi mai hawa a duwatsun Shere da ke gefen Jos ba. Shi a can giyar mita 1.4 zuwa ƙasa yake nema. Kai a Kano ko Maraɗi giyar 1.7 ma ta ishe ka, kuma abin da zai fi yi maka amfani shi ne kaset mai giyoyi kusa da juna, kamar 11 zuwa 36, don manyan kaset suna da faɗin tazara tsakanin giya da giya, kuma a doguwar hanya mai iska mutum yakan rasa wadda ta dace da ƙafarsa.

Sai dai akwai yashi. Ƙetare busasshen rafi ko hanyar shanu mai rairayi yana cin ƙarfi kamar hawan tudu, kuma dabarar ita ce feda ta riƙa juyawa da sauri ba tsayawa. Da giya ta yi nauyi, ƙafarka ta ɗan dakata, taya ta nutse. Saboda haka ka bar wa kanka giya biyu masu sauƙi ko da babu dutse a garinku.

Keke mai giya ɗaya fa?

A nan a baya ake gyarawa, domin haƙori ɗaya a ƙaramin faifai yana da tasiri sosai. Sanannen haɗin 32 da 16 a ƙafa inci 26 mita 4.2 ne. A ƙafa inci 29, 32 da 18 yana ba da 4.1, 32 da 17 kuma 4.3. Masu hawa a tsaunuka sukan sauka zuwa 32 da 20.

Tun da na canza ƙafa agogon gudu yake nuna abin da ban yarda da shi ba.

Idan mai ƙirga juyin taya da maganaɗisu ne, har yanzu da tsohon kewaye yake lissafi. Wanda aka saita wa inci 26 aka ɗora a 29 zai riƙa rage maka kusan kashi 9 na gudu da nisa. Ka shiga saitinsa ka sa lambar da ka auna da alli, a milimita, kamar 2306. Mai aiki da tauraron ɗan adam ba ruwansa da girman taya, sai dai idan ka haɗa shi da na'urar da ke jikin hob, ita ma a gyara mata lambar.